Kawu da Iskar Cikin Waya

Ni tela ne a Yelwa, kuma duk dangin Innata masunta ne. Ni kaɗai ne a zuriyar da idan zai shiga kwalekwale yake fara kalmar shahada tun ƙafa ɗaya tana kan tudu. Shi ya sa taubashina, ɗan kawuna, matuƙin jirgi mai inji a Wara, ya mai da ni abin tsokana tun muna yara. Yana ce min bawansa, ina ce masa bawana, har yau ba a yanke shari'ar ba.

Shi ya koya min wasan golf na waya. Ƙwallo ce 'yar mitsitsiya, ka ja da yatsa ka saki, ta tashi ta nufi wani rami mai tuta. Wanda ya sa ta cikin ramin da bugu mafi ƙaranci shi ya ci. Kowane bugu ana ba ka daƙiƙa talatin, in ka tsaya kallon sama lokaci ya ƙare, an ƙirga maka bugu ɗaya a banza. Cikin wata biyu na fi shi iyawa, ko dai haka na riƙa faɗa a shago, a wurin mai shayi, har a wurin ta'aziyya sau ɗaya, Allah Ya yafe min. Labari ya hau jirgi ya isa Wara. Sai ga saƙon murya.

"Bawana, na ji kana cika baki. Rami uku, ran Laraba bayan la'asar. Wanda aka ci, shi zai ɗauki daron kifin Baba a ka, daga bakin ruwa har cikin kasuwa, ranar kasuwa, da babbar riga."

Na kunna saƙon gaban mutane, na amsa gaban mutane. Sai daga baya ya gaya min filin da ya zaɓa: na bakin teku, inda iska ke kaɗawa kamar an manta ƙofar duniya a buɗe.

To ni ban san iska ba. Akwai wata kibiya a gefen sikirin da lamba a ƙarƙashinta, ban taɓa yi mata kallon mutunci ba. A filin nan kuwa, in na nufi tuta, ƙwallo sai ta tafi gaida dangi cikin ruwa. Kwana uku ina gwaji. Na zauna, na tashi, na leƙa waje, na dawo. Ƙafata tana taka keke babu yadi a kai. Na ɗinka wa wani malamin makaranta aljihu a bayan riga, na rantse masa yayi ne. Inna ta kawo min tuwo ta tarar ina hura wa waya iska da baki.

Ran Laraba na tafi bakin ruwa, don nan ne netwok ba ya ƙarya. Ƙarƙashin bishiyar da Kawu ke gyaran taru. Kawu fa shi ne uban abokin karawata, kuma shi ne mai daron.

Rami na farko ko minti biyar bai yi ba aka cinye ni. Na shiga kai da kawo tsakanin bishiya da bakin ruwa.

"Zamna," in ji Kawu, "kana korar min kifi. Mi ya same ka?"

"Iska ce, Kawu."

Ya dubi tafki, ruwa kwance kamar faranti. Ya lashi yatsa ya ɗaga sama. "Babu iska."

"Ta cikin waya."

Na tsuguna na nuna masa kibiyar, na nuna tuta. Ya ƙura ido ya daɗe.

"Iska na bugun ka ta dama, kai kuma ka nufi tuta kai tsaye? Wa ya haihe ka?"

"Ƙanwarka."

"In za ka ƙetare ruwa da iska, ba ka nufin mashigi. Ka hau sama da shi, ka ba iska haƙƙinta, ita da kanta za ta sauke ka." Ya ɗora yatsa mai ƙarnin kifi kan wata bishiya can nesa da tuta. "Nan."

Na rufe ido ɗaya na buga. Ƙwallo ta tashi kamar mai fushi za ta bar garin, ta yi nisa, sai ta lanƙwaso a hankali ta zo ta kwanta gefen tuta kamar 'yar gida. Na ci rami na biyu. Ɗaya da ɗaya. Nan take na aika saƙo Wara: "Bawa, ubanka ya sayar da kai, ka nemi gammo."

Kafin rami na uku mata masu banda kifi sun matso, mai gyaran inji ya ajiye sifana ya zo. Kibiya ta koma ja, lambar ta kai inda ban taɓa gani ba, bishiyoyin cikin waya suna ruku'u. Taubashina ya faɗa yashi sau biyu, da ƙyar ya gama da bugu biyar. Ni na yi biyu, ƙwallona na gaban wani kududdufi, tuta na tsallake. In ƙetare da na uku, in tura ta rami da na huɗu, shi ke nan daro ya hau kan mutumin Wara.

Da kaina, ba wanda ya tilasta ni, na miƙa wa Kawu wayar. "Duba min, ina zan nufa?"

Ya dubi jar kibiya, ya dubi bishiyoyin, fuskarsa ta canza. Ya sa wayar cikin aljihun ƙirjinsa ya ɗauki taru.

"Wagga iska ba a shiga ta. A jira ta kwanta."

"Kawu, ba ta kwanciya."

"Kowace iska tana kwanciya. Tun ba a haihi uwarka ba nike kallon su."

"Lokaci na tafiya."

"Shi tai."

Wa zai sa hannu a aljihun kawunsa gaban jama'a? Na zagaya shi, na durƙusa, na miƙe, na cire hula na mayar. Na yi masa bayani da Hausa, na ƙara da Turancin da ban iya ba. Waya ta yi ƙara a ƙirjinsa, bugu na uku ya tafi.

"Ka ji ko? Ita ma tana gargaɗi," ya ce.

Na roƙi matan su sa baki. Babbarsu ta ce ai gaskiyar Kawu ne, mijinta ma ba ya fita da jar iska. Waya ta sake ƙara. Na huɗu.

Sai ya ciro ta, ya duba. Kibiya na nan ja, ko gezau.

"Har yanzu? To wagga ba iskar Allah ba ta." Ya nuna min wani dutse can dama, ya miƙo min. "Tun da ka nace."

Na buga. Wallahi bugun da ya fi kowane kyau a rayuwata. Ta ƙetare kududdufi ta sauka taku ɗaya daga rami, na tura ta ciki. Shida da biyar.

Ranar kasuwa na sa shaddar da na ɗinka wa kaina ta Sallah. Kawu ya cika daro da tarwaɗa masu rai, suna motsi, ruwa na bin wuyana yana shiga inda ba zan faɗa ba. Taubashina ya taso tun daga Wara, yana bayana yana cewa a ba bawansa hanya. Na ce wa Kawu na gane, haɗa baki suka yi da ɗansa. Ransa ya ɓaci da gaske.

"Kai da ƙwallonka ba kun dawo lafiya ba? Wa ya nutse?"

A bakin kasuwa na ga Inna tsaye, na ɗauka ta zo ceto na. Ta ce in rage tsawo. Na rage. Ta gyara min gammo, ta ce in riƙa tafiya a hankali kada in zubar wa yayanta da kifi.