Alhamis Ɗin Mma Asibi

Mma Asibi ta zo Kumasi daga Bawku tana amarya, ta sauka a wani gidan haya a Aboabo, kuma a nan furfura ta same ta. Ita kaɗai ce Kirista a gidan. Da koko da ƙosai ta raini 'ya'yanta bayan rasuwar mijinta, kuma duk layin sun san ranar Lahadi babu koko, tana coci tana jan waƙa.

Da girma ya zo, yanar ido ta rufe mata gani. Sai da murya take gane masu saye, ƙosai kuwa ƙamshi ke gaya mata ya soyu. Maƙwabciyarta Hajiya Basiratu ce ta matsa mata har aka je asibiti aka yi aiki. Ranar da aka buɗe idon, Mma Asibi ta daɗe tana kallon Hajiya.

"Basiratu, ashe haka kika tsufa, ba ki gaya mini ba?"

"Bari a kawo miki madubi tukuna," in ji Hajiya.

Suka yi ta dariya har nas ta leƙo.

Ranar Lahadi ta ba da shaida a coci, ta taka rawa ta kai baikonta, wato sadakar godiya, amma ta koma gida tana jin godiyar ba ta ishe ta ba. Tana cikin wannan tunani ta lura da Malam Amidu, tsohon telan bakin layi, yana lalubar almakashi alhali ga shi a gabansa.

"Malam, irin ciwona ne da kai. Mu je asibiti."

"A'a, Mma. An ce ciro idon suke yi su wanke a faranti."

"To nawa da aka wanke ya ga maɓallin da ka ɗinka wa rigar nan, ɗaya baƙi ɗaya shuɗi."

Malam Amidu ya shafa rigar. Daga baya ya ce zai je, in dai da ita za a tafi. Ranar Alhamis ta rufe tukunya, ta kama bakin sandarsa suka shiga motar haya ta trotro. Bayan aikin ya dawo yana gaishe da mutane tun daga nesa, don dai a san ya hango su.

Labari ya bazu har Asokore Mampong. Tsofaffin da 'ya'yansu suka yi fama da su suka ƙi, sai su ce in Mma Asibi ce za su bi ta. Alhamis ta zama ranar asibiti. Takan cika fulas da koko, ta ƙulle ƙosai, ta raba wa duk wanda ke kan layi, nata da wanda ba nata ba. In azahar ta yi, ta nemo musu ruwan alwala, ta juya su su fuskanci alƙibla, ita kuma ta zauna gefe tana waƙar yabo ƙasa-ƙasa.

'Yarta Lamisi ta yi ƙorafi cewa masu saye za su koma wani wuri.

"Su je su ɗanɗana, Juma'a za su dawo," in ji ta. "Yesu ya yi mini alheri, ni kuma in zauna ina kallon kasko? Ke ba ki san daɗin da nake ji ba in mutum ya buɗe ido ya kira sunan jikansa."

Ba kowa ne ya dace ba. Likita ya duba wata tsohuwa, Iya Habibatu, ya ce nata ba yana ba ce, jijiyar ce ta mutu. Mma Asibi ta fi mai idon kuka, har sai da tsohuwar ta dawo tana lallashinta. Tun daga ranar takan biya ta gidanta da yamma, ta zauna ta ba ta labarin unguwa: wanda ya yi wa shagonsa fenti, da irin zanen da amaryar layin ta ɗaura. Iya Habibatu ta ce Mma tana ƙara gishiri, Mma ta rantse ba ta ƙarawa.

Yanzu gwiwa ta fara damunta, Lamisi ce ke suya. Alhamis ɗin da ta wuce, wani tsoho daga Ashanti New Town ya iso tun ba ta gama shiri ba. Ta ba shi kujera da kofin koko, ta ce ya jira ta nemo takalminta.