Ƙofar da ta kore mini abokin cin sakwara

Ɗana ne ya mayar da ni sabuwar unguwar da wani kamfanin fasaha ya gina a bakin Lafiya, ta hanyar Adogi. Da alfahari ya ce ƙofar unguwar ta san fuskar kowa. Na zauna a Kumasi, na yi aiki a Jidda da Hambug, ban taɓa ganin maigadin da goro da doguwar gaisuwa ba za su sa ya kau da kai ba. Wannan ƙofar ba ta cin goro.

Ina da aboki, tsohon malamin firamare, ɗan ƙabilar Eggon. Tun da ƙarfinsa ya ƙare, 'ya'yansa suka watse, kullum da rana sai ya biyo ta gidana, wai wucewa yake yi. Ni kuma in yi mamaki in ce, "Ka taki sa'a, yanzu aka sauke sakwara." Mun shekara muna wannan ƙarya, ba wanda ya ambaci yunwa.

Ashe duk baƙon da ya shigo, ƙofar tana ɗaukar hotonsa ta tura wa wayar kowa a gidan. Wata rana jikata ta gaishe shi da zuciya ɗaya: "Baba, kai ka fi kowa fitowa a wayata, kuma kullum lokacin abinci!" Ya yi dariya, ya wanke hannu. Bai sake zuwa ba.

Na je ofishin kamfanin, na sami wani yaro mai laktaye.

"Baba, don tsaronku ne," in ji shi.

"Ɗana, mutumin da haƙora suka gudu suka bari, me zai sace? Ku cire shi daga cikin waɗanda ƙofar ke ɗauka hoto."

"Sai hedkwata ta yarda."

"Tana ina?"

Ya nuna sama da biro. Ban gane Abuja yake nufi ko lahira ba.

Washegari na sa aka cika kula, na hau keke-napep zuwa gidan malamin. Ya dube ni, ya dubi kular.

"Mai gidan sinima, yau babu ɗaukar hoto?"

"Matsa mini, tsohon banza."

Ya ci, ya kushe miyar, ya ƙara. Har yau bai sake taka unguwarmu ba, ni nake zuwa. Da ɗana ya bugo yana tambayar inda nake kai kula kullum, na ce ya tambayi ƙofarsa.