Baƙin Zoben da Na Ƙi Gani

Shekara biyu na yi ina bin tambaya guda: shin ana haihuwar sababbin taurari a gidan kwasar? Kwasar wani haske ne a tsakiyar gungun taurari mai nisan gaske, inda baƙin rami ke haɗiye iskar gas, ita kuma ta yi zafi har haskenta ya danne na duk taurarin gungun. In kana son ganin su, sai ka sa kwamfuta ta cire hasken tsakiyar daga hoto, ka duba abin da ya saura. Na cire, ban ga komai ba. Na rubuta cewa kwasar ta kori gas ɗin, haihuwa ta tsaya. Saura sati uku in kare kundina gaban malamai, na taho gida Haɗejiya in huta.

Baba masunci ne, kuma mai baki. Yana jin kalmar taurari ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida da hantsi, ya kira maƙwabta biyu, ya ce in buɗe na'ura. Ban kai ƙarshen jimlar farko ba ya karɓe zancen. Ya yi musu bayanin Kaza da 'Ya'yanta, da yadda yake gane lokacin cikar kogi kafin kowa. Suka yi ta gyaɗa kai. Ni dai ina riƙe da kwamfuta kamar mai tallan faranti.

Inna tana gefe tana bandar tarwaɗa. Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta kiran sunana, ba ta kuma cika yi mini magana kai tsaye ba. Haka na taso, ban taɓa ɗaukar abin da zafi ba. Ta kawo wa baƙi ruwa, ta ɗan tsaya a bayana tana kallon hoton. Sai ta juya wajen ƙanwata.

"Ke, tambayi mai na'urar nan, wannan baƙin zoben na mene ne?"

Na ce wurin da na cire hasken ne.

"To ai ya fi sauran duhun duhu," in ji ta, har yanzu ƙanwata take kallo. "Ce masa ya kankare da yawa. Ni ma in kifi ya ƙone na sa wuƙa da garaje, har tsokar nake kwashewa."

Ta koma wajen bandarta. Baba ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Gaskiya na daɗe da ganin zoben nan. Ba wurin da zai fi sararin da babu komai duhu. In wuri ya yi haka, ka cire fiye da abin da ke akwai. Na sani, na kau da kai, don sakamakon ya yi mini daɗi. Kunya ta kama ni, sannan haushi.

Kwana tara na yi ina sake lissafin a ɗakin zaure, ina cire hasken kaɗan-kaɗan. Zoben ya ɓace. A wurinsa wani dishi-dishi ya fito, alamar taurari sababbi, suna nan tun farko. Na sake rubuta babi biyu, na kare kundin, na ci.

A shafin godiya na ba Baba sakin layi guda cur, na ce shi ya fara koya mini kallon sama. Da na kawo kundin gida ya sa ƙanwata ta fassara wa jama'a shafin sau biyu. Inna tana jin su daga bakin murhu. Da aka gama, ta ce wa ƙanwata, "Tambaye shi ko zoben ya fita."

Na ce ya fita.

Ta ce madalla, ta juya kifinta. A lokacin na sake duba shafin daga sama har ƙasa. Ba ta ciki.