Tamba Mai Kati da Abokinsa na Gesse

Sunana Kalilu. Albasa nake saye a Argungu in kai kasuwar Birnin Kebbi. Karatuna bai yi nisa ba, amma ina so in rubuta labarin maƙwabcina Tamba, don in ban rubuta ba babu mai yi.

Tamba gyaran koma, wato ragar kamun kifi, yake yi wa masunta, sana'ar gidansu ce. Yana da i'ina mai tsanani tun yana yaro. Mutane ba mugunta suke yi masa ba, gaggawa ce: kafin ya fitar da kalma sun ƙarasa masa, sau da yawa kuma ba abin da yake nufi suke ƙarasawa ba. A hankali sai ya rage magana. Matarsa Riskuwa ce kaɗai mai haƙurin jira. Ta rasu, 'ya'yan kuma kowa ya kama gabansa.

Abokansa na takarda ne. Zamanin muna samari, idan aka karanta gaisuwa a rediyo da sunan mutum da adireshinsa, sai Tamba ya rubuta, ya aika masa wasiƙa. Haka ya yi abokai a Maraɗi, a Yola, har Kumasi. Babu wanda ya san yana i'ina, tunda a takarda ba ya tsayawa.

Bai taɓa sayen katin gaisuwa ba, da kansa yake yi. Kwalin sabulu yake yankawa da reza, ya jiƙa ƙaro a gwangwanin madara, ya liƙa abubuwa su zama hoto. Jan ɓawon albasa shi ne rana in za ta faɗi, ɓawon kifi shi ne gulbi, ƙwayar shanshera, wato shinkafa da ɓawonta, kuma fadama. A gindin buhunana yake tsintar ɓawon albasar, ya zaɓi wanda bai yage ba. Kati guda sai ya ci masa mako. A bayan katin yake rubutu, ƙanana, layi bisa layi.

Da waya ta zo, abokai suka riƙa aiko masa da lamba, suna cewa ya kira. Ba ya kira. Wasu suka ɗauka girman kai ne. Wasu kuma Allah Ya karɓi abinSa. Aka wayi gari saura mutum guda, Isuwa.

Isuwa Kirista ne, mutumin wajen Jos, direba. Yana Makurɗi suka fara rubuta wa juna, daga baya aiki ya kawo shi Birnin Kebbi, ya zauna a Gesse har ya yi ritaya. Tafiyar da ba ta fi awa ɗaya ba, amma ba su taɓa ganin juna ba. Duk gayyatar da Isuwa ya yi, Tamba yana da uzuri: damina ce, koma ta yi yawa, ƙafa na ciwo. Ni na zama gidan wayarsu. In kai kati, in dawo da amsa cikin aljihu.

Bara, bayan an yanke shinkafa, na kai kati na tarar da Isuwa zaune a baranda yana kallon bango. 'Yarsa Susanna ta ce, "Baba Kalilu, idon ya tafi gaba ɗaya. Bayan Kirsimeti za mu mai da shi gida, can ƙauye. Ba mota mai kai saƙo can."

Isuwa ya ce, "Malam Kalilu, ka ce wa mai kifin nan ya zo. Tun gashina yana baƙi yake mini yanga. Ko sarki ne ai ya isa ya fito. Ban iya karanta shi yanzu, muryarsa nake so."

Na faɗa wa Tamba kamar yadda aka faɗa mini. Ya daɗe yana juya allurar ɗinkin koma a hannu.

"Sh-sh-shi ya ɗ-ɗauka..." Na jira. "Shi ya ɗauka ni m-mai magana na."

Na ce, "To mi za a yi? In an tahi da shi, shi ke nan hwa."

Ya ajiye allurar. Kwana da kwanaki ban ga ya taɓa koma ba, kwali kawai. Ranar da zan kai albasa, na fito na same shi bakin tasha da farar riga, wadda rabonsa da ita tun sunan jikansa.

A Gesse, Susanna ta shimfiɗa mana tabarma. Tamba ya tsaya gaban Isuwa, ya buɗe baki zai yi gaisuwa, ta maƙale. Jijiyar wuyansa ta tashi. Susanna za ta taya shi, na ɗaga mata hannu.

Isuwa ya karkata kunne. "Wane ne? Malam Kalilu, rago ka kawo mini?"

"T-T-T-Tamba na."

Isuwa ya fashe da dariya har da tari. "Kai! Wannan ne abin da ka ɓoye mini? Ni da matata ta yi ta roƙon Allah Ya ba ni aboki mai saurare! Zauna, mai kifi. Ni na iya surutun mutum biyu."

Tamba ya sa masa katin a hannu. Wannan karon bai yi rubutu ba, kuma ya tula ƙaro da yawa, komai ya yi tudu. Isuwa ya bi da yatsa. "Wannan ruwa ne. Wannan kwalekwale. Mutum nawa ke ciki?"

"B-b-biyu."

"Wa ke tuƙi? Kada ka ce makaho."

Har la'asar muna can. Isuwa na ta zuba, Tamba na jefa kalma jefi-jefi, ba wanda ya ƙarasa masa. Albasata ranar sai yamma ta shiga kasuwa.

An tafi da Isuwa farkon shekara. Tamba ya ciro wayar da ɗansa ya saya masa tun tuni, ya ce in koya masa dannawa. Ran Lahadi, bayan an taso daga coci, yake kira. In sabis ya yarda, Isuwa na ɗauka, ya ji shiru, ya ce, "Mai kifi ne?" Sai ya kama ba da labari, Tamba na ƙwanƙwasa bayan wayar da farce don a san yana nan.

Sau da yawa sabis ba ya yarda, ƙauyen bayan dutse yake. Ran nan na leƙa ta katanga na ga Tamba zaune ƙarƙashin darbejiya, waya a kunne, wata mata a ciki tana ta cewa ba a samun lambar. Ya bari ta gama maganarta tukuna, sannan ya sake dannawa.