Tsuneko Mai Sa wa Inabi Hula

Shekara hamsin da ɗoriya Tsuneko ta yi tana sa wa inabi hula a garin Katsunuma. Kafin ruwan Yuni ya kankama, kowane nonon inabi sai an ɗaura masa 'yar takarda a ka, don kada ya ruɓe tun bai je matsa ba. Wuni take kai a ɗage, hannuwa a sama, domin inabin garin a kan rumfa yake yaɗo.

Bakinta kuwa ba ya hutawa, don ita a wurinta inabi mutane ne. Irin da ake kira Koshu, ɗan gida mai kaurin fata, shi ne na hannun damanta: ruwa ba ya ɗaga masa hankali, sai Oktoba yake nuna, giyarsa fara ce mai sanyin hali. Chardonnay uban gaggawa ne, ya riga kowa toho, sanyin ƙarshe ya ƙone shi. Merlot kam ko sunansa ba ta son ji.

"Shagwaɓaɓɓen banza! Yayyafi kaɗan sai ya fashe."

Bara kafaɗunta suka ƙi. Ta ɗaga hannu, bai wuce kunne ba.

"Inna, ki haƙura ki huta haka nan," in ji 'yarta Sanae.

"In huta in yi me? In yi gadin ƙudaje?"

Ta zauna bakin ƙofa tana kallon wasu suna yi mata aikinta. Abin ya ci mata rai ƙwarai, har abinci ta rage.

Wata safiya surukinta Norio, wanda magana ke yi wa wuya, ya ce, "Inna, zo ki ga wani abu."

Gangaren da ta rantse ba za ta taka ba ya kai ta, inda ya dasa Merlot layi-layi a jikin waya. Inabin iya ƙugunta ya tsaya.

"Ba mai sa musu hula," ya ce. "Ni in na duƙa bayana ke ciwo. Ke kuwa..."

"Fito fili ka ce ni gajera ce mana, ɗan nema!"

Ta fizge takardun daga hannunsa. Yatsun ba su manta ba. Tana tafe tana zagin Merlot, tana lallaɓa shi, tana goge ido da gefen hannun riga. Da rana ta take Sanae ta kawo shinkafa, ta yi kira har sau uku.

"Ajiye nan," in ji tsohuwar, ko waiwayowa ba ta yi ba. "Ba ki ga hadari ba ne?"