Tukunyar Yashi ta Khala Ummu

Idan aka idar da sallar Asuba a unguwar Nakkasa ta Makka, abu na farko da Ummulkhairi Tsoho take yi shi ne tankaɗe yashi. Yashi fa, ba gari ba. Takan juyo shi daga wata tsohuwar garwa zuwa rariya, ta fitar da ɓurɓushin jiya, ta zuba shi a gindin babbar tukunya irin ta shinkafar biki, kaurin yatsu uku. Ta ɗora a kan murhun gas mai kai ɗaya, ta rufe, ta bar shi ya ɗau zafi. Sannan ta zauna a kujera 'yar tsuguno ta buga bota da sukari da muciya har kafaɗa ta yi tsami, ta fasa ƙwai, ta sa fulawa da bakin hoda da ɗan hel, ƙwayar ƙamshin nan ta gahawa. Ta juye a faranti mai zurfi, ta dasa shi a kan yashin, ta mayar da murfi, ta naɗe bakinsa da tsumma, ta rage wuta. Daga nan kuma babu mai taɓa murfin nan, ko da gobara ce ta tashi a maƙwabta, sai hancinta ya gaya mata kek ya nuna.

Shekara talatin da ɗaya ke nan tana haka, a ɗaki biyu can saman tudu, inda mota ba ta zuwa sai ƙafa. A garin da kowace mace Hajiya ce, ita Khala Ummu ake ce mata, wato Inna Ummu. A bana ta ajiye aikin. Shi ya sa ake wannan rubutu, tun tana da kunnen da za a karanta mata.

Tana shekara shida iyayenta suka iso Makka ta Sudan, suka zauna, ba su koma ba. Ba ta taɓa mallakar furun ba, wato obin, kuma yawancin matan layinsu haka suke. Ɗakunan ƙanana ne, wutar lantarkin kuwa idan aka kunna firji da na'urar sanyi lokaci guda sai ta yi fushi. To suna fa? Saukar Alƙur'ani fa? Yaro ya ci jarrabawa fa? Kek ɗin kanti mai kirim kafin a hau da shi matakala ɗari da wani abu cikin ranar Makka ya zama kunu. Na Khala Ummu shi ne yake isa gidan biki da mutuncinsa.

Kada mai karatu ya ɗauka wata mai sanyin baki ce. Ina! Khala Ummu faɗa gare ta, kuma ba ta iya yabo ba. Idan ta ce wa mace “ba laifi,” to ranar matar nan sai ta kira 'yan'uwanta ta ba su labari. Amma Dalal, wadda ta zauna a ƙasan ɗakinta shekara goma sha biyu, ta ba da shaidar abin da ta gani. Shekarar da aka mayar da mijinta ƙasarsu saboda rashin takardu, ta zauna da 'ya'ya huɗu tana kuka safe da rana. A kwana na uku Khala Ummu ta sauko, ta tsaya a bakin ƙofa, ko zama ba ta yi ba.

“Kin gama?” in ji ta. “In kin gama, wanke hannunki ki hau. Ƙwai ashirin suna jira, ni kafaɗata ta mutu.”

Dalal ta ce a lokacin ta ji haushi ƙwarai. Wata huɗu bayan nan tana gasa nata tana kaiwa ƙofar makarantar 'yan mata, kuma da shi ta riƙe yaran har suka girma. Mata goma sha ɗaya Khala Ummu ta koya wa aikin nan, kowacce da irin wannan gayyata mai kama da sammaci. Wadda za ta yi suna kuma ba ta da hali, sai a ce mata, “Kawo abin da kike da shi.” Wata ƙwai huɗu kawai za ta kawo. Da la'asar a aiko mata kek mai faɗin tire, ba a kuma sake tayar da zancen.

Ke ce, Khala, wadda ta mayar da tukunyar shinkafa furun ɗin unguwa guda. Ke ce mai daka wa mutum tsawa yana fita da abu mai zafi a hannu.

Yanzu ga maganar yashin. Ta ɗebo shi ne da hannunta a wani kwari bayan unguwa, shekarar da aka yi ambaliya. Ta wanke shi sau bakwai, ta shanya, ta yi ta gasa shi har ya daina warin ƙasa. Shekaru sun mayar da shi baƙi-baƙi, ba ƙura, ba danshi, yana riƙe zafi daidai ta kowane gefe. Sabon yashi yakan yi tartsatsi, ya ƙona gindin kek ya bar tsakiya ɗanye, kuma sai an shekara ana fama da shi kafin ya ladabtu.

A farkon bana aka zo da jan fenti aka rubuta “izala” a bangonsu, ma'ana za a rushe. Ɗanta Hudaifa, wanda yake aiki a Jidda, ya kama mata ɗaki kusa da shi. Ya zo haɗa kaya, ya ɗaga garwar zai sa a kwali, ta ce ya ajiye.

“Yumma, ba za ki tafi da shi ba?”

“Yashin Harami ne. Tun ina yarinya nake jin malamai suna cewa ba a son fitar da ƙasar Harami waje da iyaka. Ba a kaina za a fara ba.”

“Yumma, garwa ɗaya ce fa! Wa zai sani?”

“Ni,” in ji ta.

Hudaifa ya yi magana da Hausa, ya koma Larabci, ya dawo Hausa, duk a banza. Hukuncin da ta yanke shi ne: ko a samu wadda za ta zauna a cikin Makka ta karɓi tukunya da yashi, kuma ta cancanta, ko ita da ƙafarta ta mayar da shi kwarin da ta ɗebo shi ta zubar, aiki ya ƙare a nan. Motar kaya kuwa ranar Alhamis za ta zo.

Aka duba ɗalibanta goma sha ɗaya. Uku sun rasu, wasu sun koma ƙasashensu, wasu sun riga ta tafiya Jidda, Dalal ma Jiddan za ta. Biyun da suka rage sun sayi furun, sun ce a gaishe ta da kyau.

Ranar Talata sai ga Suhaila, 'yar wata maƙwabciya da suka koma unguwar Utaibiyya, nan cikin Makka. Shekararta ashirin da huɗu, tana aiki a ɗakin girkin wani otal a unguwar Jarwal, inda furun ɗaya ya fi ɗakin Khala Ummu girma. Ba ta cikin goma sha ɗayan nan, don ba ta gama ba. Tana shekara goma sha biyar ta ɗaga murfi don ta leƙa, iska ta shiga, kek ɗin sunan wani jariri ya zauna kamar an taka shi. Khala Ummu ta kore ta a ranar, ta ce kada ta sake ganin ƙafarta. Shekara tara ba ta gani ba.

“Khala, na ji za ki zubar da shi,” in ji Suhaila, da Hausarta mai tsayawa tana neman kalma. “Wallahi haramun. Ki ba ni.”

“Mai leƙe?”

“Na daina, Khala.”

“Gobe bayan Azahar. Ki gasa a gabana. In kin ɗaga murfin nan kafin na ce, ki ɗau jakarki.”

Laraba ta yi. An riga an yanke wutar layin, rabin gidajen ba ƙofa ba taga, ana jin ƙarar motar rusau daga ƙasan tudu. Gas ɗin Khala ya ƙare da safe, Hudaifa ya aro wata tukunyar gas a hannun masu tashi, sabuwa fil. Dalal tana nan, ita ta ba da labarin abin da ya biyo baya.

Suhaila ta tankaɗe, ta zuba, ta buga, ta dasa faranti, ta naɗe murfi. Khala Ummu ba ta ce uffan ba, wanda a wurinta yabo ne. Ta ja kujerarta bakin taga, inda ake hango babban agogon da ke kusa da Harami, ta kafa masa ido. Suhaila ta tsuguna gaban murhu, gumi yana zuba.

Can wajen minti talatin Suhaila ta ɗago kai.

“Khala, ya nuna.”

“Saura.”

Bayan ɗan lokaci Suhaila ta sake shaƙar iska. “Khala, wallahi ya nuna. Wutar nan ta fi taki ƙarfi. Gindin ya fara kamawa.”

“Na ce saura minti goma. Zauna.”

Dalal ta ce ita ma ta ji ƙamshin ya fara juyawa, amma wa zai buɗe baki? Ta dubi Suhaila. Yarinyar nan ta san in ta taɓa murfin ta rasa yashin, in ta bari kuma kek ya ƙone a gaban idonta. Ta dubi jakarta da ke rataye a ƙofa. Sai ta ce bismillah, ta kashe wuta, ta warware tsumma, ta ɗaga murfin.

Kek ya tashi fam, saman ya yi ja daidai. Ta soka tsinke, ya fito fes. Ta kife shi a tire. Gindin ya yi duhu a gefe ɗaya, kaɗan ya rage ya zama gawayi.

Suhaila ta miƙe ta nufi jakarta.

“Ina za ki?” in ji Khala Ummu. Ta taso, ta danna kek ɗin da yatsa, ta juya shi ta duba gindin, ta daɗe tana kallo. Sannan ta sunkuya ta kai hancinta dab da shi, ta ja numfashi, ta ɗago.

“Ban ji komai ba,” ta ce. “Tun zazzaɓin korona nan ban ƙara jin ƙamshin kek ba. Shekara huɗu ke nan. Agogon can nake kallo, minti arba'in da biyar. Kuna cewa Khala ta cika ibada, kullum idonta a Harami.”

Hudaifa ya ce, “Yumma, don me ba ki faɗa ba?”

“In faɗa wa wa? A daina kawo mini ƙwai?” Ta juya ga Suhaila. “Da kin bi maganata da kin ƙona shi. Ɗauki garwar. Ki riƙa tankaɗewa kullum, kada ruwa ya taɓa shi. Kuma sukarinki ya yi yawa.”

Ko ɗanɗanawa ba ta yi ba tukuna. Dalal ta ce a nan ita kanta ta fashe da kuka, Khala ta ce mata ta fita waje ta yi.

Da aka je Jidda neman izininta kafin a rubuta wannan, an tambaye ta ko a cire maganar hancin. Ta ce a bar shi, ai ba sata ta yi ba.

To Khala, mun bar shi. Ke ce kika yi shekara huɗu kina gasa wa mutane abin da ba kya jin ƙamshinsa, ba ki fasa ko na suna ɗaya ba. Ke ce kika yarda a gaban ɗanki da maƙwabciyarki cewa wadda kika kora ta fi ki gaskiya a ranar, kuma mun san abin bai zo miki da sauƙi ba. Mun gode. Matan da kika tsayar da ƙafafunsu sun gode, da 'ya'yansu da suka ci suka girma, har da waɗanda ba su san sunanki ba. Allah Ya ba ki lafiya, Ya sa wannan wahala a mizani.

Ku kuma da kuke karantawa, kowa ya duba gidansu. Akwai wata tsohuwa a sama ko a ƙasanku da ta iya wani abu da hannunta, mai yiwuwa faɗa gare ta. Ku je ku tsuguna kusa da murhunta ku sha faɗan tun ba a watse ba. Wadda kuma ta iya, ta kira wata ta koya mata, ko da ƙwai huɗu ta zo. Suhaila ta fara nata a Utaibiyya, duk Asabar bayan la'asar, mata biyar suke zuwa yanzu.

Duk Asabar ɗin kuma, wajen ƙarfe biyar, wayarta takan yi ƙara daga Jidda. Khala Ummu ba ta tsayawa doguwar gaisuwa.

“Kin ɗora?”

“Na ɗora, Khala.”

“To gaya mini. Wane irin ƙamshi yake yi yanzu?”

Sai Suhaila ta matsa kusa da tukunya, ta shaƙa, ta fara lalubo kalmomin da Hausa. In ta rasa ta cika da Larabci. Tsohuwar tana ɗaya gefen, tana saurare har ta gama.