Ilu Me-Ya-Rage da Maɓallin Gobe

Duk wanda ya san Yaya Ilu ya san ba a gama gaisuwa da shi a wuce salin-alin. Kana cewa "lafiya lau", zai karkata kai, ya leƙa wayar da ke hannunka, ya ce, "To, me ya rage?" Ya faɗe ta a gidan suna, ya faɗe ta a cikin bas ɗin Kwangila, ranar ɗaurin aurensa ma ana shafa fatiha ya juya ya jefa wa waliyyin amarya ita. Shi ya sa daga Samaru har Sabon Gari sunansa na yanka, Iliyasu, ya ɓace, ya koma Ilu Me-ya-rage.

Ni ce Rakiya, 'yar gwaggonsa, taubashiyarsa, don haka ina da izinin tsokanarsa yana raye, kuma ban ga dalilin da mutuwa za ta ƙwace mini wannan izini ba. Ni ce kuma na zauna da shi a ɗan shagon nan na Samaru, bayan masu fotokwafi, muna haɗa manhajar wayar da ya sa wa suna Allon Aljihu. Bari in faɗa tun yanzu: Allon ya zo ƙarshe. Sababbin wayoyi sun ƙi karɓarsa, a cikin tsofaffin kuma kullum rikicewa yake yi. Aiki ɗaya ya rage mini a ƙarshe, bayan rasuwar Yaya, in aika wa jama'a saƙo su kwashe rubuce-rubucensu kafin su salwanta, sannan in rufe shi. Na daɗe ina ja da baya, kuma ba za ku gane dalili ba sai na tuna muku da mutumin.

Da farko Allon ba shi da wata rigima. Wuri ne kawai na ajiye abin da kake tsoron mantawa, darasi ne, adireshi ne, cefane ne. Ɗalibai sun so shi don ba ya cin data. Sai wani bawan Allah ya rubuto cewa da ma ana iya jera ayyuka, a sa musu lokaci, in an gama a soke. Yaya Ilu ya karanta, ya miƙe tsaye kamar an yi masa albishir da kujerar Makka. Ni dai in na haɗu da wannan bawan Allah, akwai maganar da zan gaya masa, don daga ranar ba mu sake hutawa ba.

Shi fa Yaya bai yarda da taurarin nan da masu waya ke ba manhaja ba. "Tauraro baki gare shi?" in ji shi. "Mutum ake tambaya." Sai ya saɓa jakarsa mai cike da fasassun wayoyin da yake tsintowa wurin masu gyara, don bai taɓa sayen sabuwa ba, ya hau bas ya tafi neman masu ƙorafi.

Akwai wani ɗalibi da ya ba mu tauraro ɗaya, ya rubuta kalma ɗaya tak: shirme. Yaya ya yi ta cigiya daga aboki zuwa aboki har ya same shi a ɗakin haya a Palladan, yana dafa taliya.

"Kai ne ka ce shirme?"

Saurayin ya kusa kifar da tukunya. "Oga, wallahi sorry, ban ma buɗe app ɗin ba. Budurwata ce ta ƙi ɗaga wayata ranar, duk abin da na gani tauraro ɗaya na ba shi."

Wani zai yi tsaki ya tafi. Yaya Ilu sai ya cire takalmi ya zauna a kan katifa. "To, me ya rage tsakaninku?" Bai tashi ba sai da ya sa shi ya buɗe Allon, ya rubuta "ba ta haƙuri", ya sa wa aikin lokaci. Ya ci taliyar kuma. Ya dawo shago yana washe baki, ya ce, "Rakiya, mun samu gyara! A sa wurin da mutum zai fara faɗin abin da ya ɓata masa rai a gida kafin ya yanke mana hukunci." Na ce hauka ne. Muka sa.

Sai Malam Ɗanjuma tela, na layin teloli a kasuwar Sabon Gari. Gyaransa na farko, a gaskiya, mai kyau ne. Ya ce shi bai taɓa yi wa mai kaya alkawarin ƙarfe kaza da minti kaza ba, bayan azahar ne ko bayan la'asar. Muka sa lokutan salla, mutane suka ji daɗi ƙwarai, har ni na yaba. Da ya tsaya nan da an zauna lafiya. Amma aikin da lokacinsa ya wuce ja yake komawa, wannan kuwa bai yi wa Malam daɗi ba.

"Ilu, abin nan naka tona mini asiri yake yi. Mai kaya ya zo, in buɗe in nuna masa ban manta da shi ba, sai ya ga ja wur daga sama har ƙasa."

"To ai ka makara ne, Malam."

"Na makara, sai kuma a yi shela? Sa mini wurin da zan taɓa aikin ya koma gobe, ba tare da kowa ya ji kunya ba."

Na ce, "Yaya, ka ji tsoron Allah! In ka ba telan Sabon Gari maɓallin gobe, ba mai sake sa sabon kaya a garin nan."

Ya ce, "Shi ya roƙa."

Ka ji hujjarsa ke nan a kan komai. Muka sa maɓallin Gobe, kore shar, babba, don kada yatsa ya sha wahala. Ana saura kwana kaɗan Salla na je karɓar atamfata wurin Malam Ɗanjuma. A gabana, ina tsaye, wayarsa ta nuna sunana, ya ɗago ya dube ni, ya yi murmushi, ya danna Gobe. Da tsohon leshi na ci Sallar nan. Na zo shago ina huci na gaya wa Yaya, sai ya tafa hannu ya ce, "Kin gani? Yana aiki!"

Maganar muryar kuwa, Mama Nkechi ce ta jawo mana. Kun san ta, mai manja da busasshen kifi, haifaffiyar Sabon Gari, wadda Hausarta ta fi ta wasunmu. Ta tare shi a bakin rumfarta ta ce, "Oga Ilu, dis tin no dey shame person, abin nan ba ya ba mutum kunya. Ɗan ƙit-ƙit ɗin nan wa zai ji a hayaniyar kasuwa? Mutum ba ya tashi ya yi aiki sai wani ya tsaya a kansa ya ba shi kunya."

Ya dawo ya aro bargo, da tsakar rana, a cikin zafin bazara, ya lulluɓe kansa da kwamfuta don kada ƙarar janareton masu fotokwafi ta shiga. Ya fito sharkaf da gumi, ya naɗi muryarsa kashi biyu. Na farko kowa ya san shi: lokacin aiki na yi, sai wayarka ta ce, "To, me ya rage?" Na biyun ba ya fitowa sai mutum ya soke ayyukansa kaf, bai bar ko ɗaya ba. Na ce ya kunna mini in ji. Ya ce, "Ke? Sai kin gama aikinki." Na ce ai ina iya buɗe fayil ɗin da kaina. Ya ce raguwa ce kawai za ta yi haka. Na rantse ba zan buɗe ba, don kada ya samu bakin magana. Kuma tun da akwai maɓallin Gobe, ban taɓa haɗuwa da mutum ɗaya a Zariya da ya ce ya ji wannan murya ta biyu ba.

Ta farkon dai ta yi aiki har ta wuce gona da iri. Mama Nkechi ta manta ta kashe waya ran Lahadi a coci. Fasto ya ja wa'azi, ya ja, yara sun yi barci, ya ɗan tsaya shan ruwa, coci ya yi tsit. Sai daga cikin jakar Mama: "To, me ya rage?" Ta ce Fasto ya dubi takardunsa, ya dubi jama'a, ya ce, "Addu'ar rufewa." Ranar Litinin mata daga cocin suka yi ta zuwa a sa musu Allon.

Amma dariya ba ta riƙe manhaja. Yaya Ilu ya iya ƙarawa, bai iya ragewa ba. Wani mai walda a Jushi ya ce a sa aikin da ba ya tuni sai an kawo wuta, muka sa. Wata malamar Islamiyya ta ce kowane aiki ya zo da "in sha Allahu" a gabansa, muka sa. Wani ya ce a sa wurin cirewa don shi ba musulmi ba ne, muka sa. Allon ya yi nauyi, ya zamana in ka taɓa shi kana iya zuwa ka yi alwala ka dawo bai gama buɗewa ba. Ɗalibai suka watse, suka koma manhajojin waje. Kullum ina ganin masu sauke shi suna raguwa, masu gogewa suna ƙaruwa, raina yana ɓaci. Na ce mu cire rabin tarkacen nan ko mu mutu da shi.

"Wanne za ki cire?" in ji shi. "Na mai walda? Mutum ya bar aikinsa, ya buɗe baki ya gaya miki damuwarsa, ki goge?"

"Mutum ɗaya ne ke amfani da shi, Yaya!"

"To shi ba mutum ba ne?"

Ranar na yi kuka don takaici, shi kuwa ya sayo mini awara ya ajiye a kan tebur, ya koma yana ƙara wani maɓallin.

A wannan lokacin ne ciwon kai ya matsa masa, ƙafafunsa suka fara kumbura. Matarsa, Anti Asabe, ta yi magana har ta gaji. Sai na ƙwace wayarsa na rubuta da hannuna, "Zuwa asibiti, bayan asuba". Kullum muryarsa za ta tambaye shi me ya rage, kullum zai danna Gobe. Ba a ɓoye ba, a gabana, yana dariya.

"Yaya, wannan ba atamfata ba ce fa."

"Wani mai kanti a Zabi yana jira na, ya ce tuninsa yana zuwa a makare. In na dawo."

A hanyar dawowa daga Zabin ya faɗi. Kafin a kai shi asibitin da ya yi ta ɗaga zuwansa, rai ya yi halinsa.

Waɗanda suka zo zaman makoki sun san abin da ya faru. An idar da la'asar, mata muna cikin gida muna jan carbi, sai wayoyi suka fara, nan ɗaya, can ɗaya, har daga ƙofar gida wurin maza: "To, me ya rage?" Wata ta yi dariya ba shiri, dariyar ta koma kuka. Anti Asabe ta ce kada wanda ya kashe.

Na yi ƙoƙari, Allah ya sani. Amma abin da ya gina shi kaɗai ya san kansa, in na gyara tunin la'asar sai na mai walda ya lalace. Mama Nkechi ta ƙi canja waya, tana nan da tsohuwar ta ɗaure da roba, don an gaya mata sabuwa ba ta ɗaukar muryar Oga Ilu. Sai ga Malam Ɗanjuma ya zo shago, ya ce awon masu kayansa da ya ajiye a Allon ya ɓace gaba ɗaya. Na jira ya yi faɗa. Bai yi ba, ya ce, "Ba komai, 'yata, na san ba mai zuwa jin ƙorafi yanzu." Wannan maganar ta fi mini zagi ciwo.

Ranar na rubuta wa kaina aikin: "Aika saƙon rufewa". Sauran ayyukana duk na gyaran Allon ne, na yi ta soke su ɗaya bayan ɗaya da na tabbata ba za su gyaru ba, har ya zama shi kaɗai ne a jere. Kullum da safe Yaya zai tambaye ni me ya rage, ni kuma, ni Rakiya da na tsine wa maɓallin nan tun ranar da aka haife shi, sai in danna Gobe. Ina tsoron kada wani ya sake rasa rubutunsa, ina kuma tsoron safiyar da wayata za ta yi shiru.

Yau da safe na aika. Saƙon yana cikin wayoyinku, don Allah ku kwashe abin da kuka ajiye. Na koma kan aikin na soke shi, allon ya zama fari fat, babu komai. Wallahi na ma manta da zancen muryar ta biyu. Sai na ji ƙarar janareton masu fotokwafi can nesa-nesa, da numfashin mutum a cikin bargo, sannan ya ce, a hankali, ba da muryar tsokanar nan ba:

"Sannu da aiki. Babu abin da ya rage. A je a huta."

Kai, Yaya Ilu! Ka rama.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka. Yadda ka bi mutane har gida kana sauraron kukansu, Allah ya saurari namu a kanka. Ya ba Anti Asabe haƙuri, ya sa ka samu hutun da ka ƙi ba kanka. Amin.